Inda Abuna Tiya Yake Fuskanta

Na san kun ji maganar a bakin dangi, musamman tun da yaƙi ya watsa mu kowa ya samu lokacin tone-tone. Wasu sun ce muku kakanku Alhaji Sale ya taɓa binne limamin Kirista irin binnewar Musulmi. Wasu kuma sun ce a'a, shi ne ya tsaya a kan kabari ana addu'ar coci yana cewa amin. Duka biyun ba haka aka yi ba. Ina wurin, ko in ce ina wurin a mafi yawan abin da ya faru, kuma inda ban gani da idona ba zan faɗa muku ban gani ba. Abin da ya shafi dokokin cocinsu kuwa, yadda aka bayyana mini zan kawo. Idan na karkatar da wani abu, daga ƙarancin fahimtata ne.

Gidanmu na Sawra, a Omdurman, katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan Abuna Tiya. Abuna shi ne abin da suke kiran limaminsu. Mutumin duwatsun Nuba ne, dogo, mai sanyin murya, limamin wata ƙaramar cocin Anglika da ke ƙarshen hararmu, wato unguwarmu. Matarsa Mama Rahila ita da Inna a kasko ɗaya suke toya kisra, wainar dawa irin ta Sudan, in gawayi ya yi tsada. Baba, wato kakanku, tela ne, kuma shi ya ɗinka wa Abuna farar rigarsa ta coci, har da ɗan siririn gyalen nan da limamansu suke ratayawa a wuya, wanda shi ne shaidar limanci a wurinsu. Ba su taɓa musun addini a gabana ba. Musunsu a kan ƙwallo yake, da kuma wanda shayinsa ya fi kauri.

A shekarar da na gama jami'a, inda na karanta aikin safiyo, ina zaune ba aiki, cocinsu ta riga ta rabe gida biyu. Akwai tsohon bishop da ke zaune a Khartoum, ƙetaren kogi. Akwai kuma wani da ya ɓalle, ya ce shi ma bishop ne, ya kafa nasa ofishin wajen unguwar Shajara, kuma kowannensu yana cewa cocin hararmu a huruminsa take. Laifin Abuna, a yadda na ji, shi ne wata Lahadi sabon bishop ya zo ba da gayyata ba, iyaye suka kawo 'ya'yansu ya ɗora musu hannu, Abuna bai kore shi ba. Da labari ya kai Khartoum aka kira shi, aka dakatar da shi, daga baya aka ce an tuɓe shi gaba ɗaya. Sai mutanen Shajara suka zo da murna, suka ce ya yi wa nasu bishop ɗin rantsuwar biyayya su mayar masa da matsayinsa. Ya ƙi. Ya ce rantsuwa ɗaya ya yi a rayuwarsa, ya yi ta ne ga wanda ya kore shi, kuma ba shi da ta biyu. Ƙofar cocin sai ta wayi gari da kwaɗo biyu, kowane ɓangare da nasa. Jama'a suka rabu, wasu suna hawa mota zuwa Khartoum ran Lahadi, wasu zuwa Shajara.

Shi kuwa bai daina ba. Ya jera bencina a tsakar gidansa a ƙarƙashin rumfa, kullum da hantsi ya sa farar riga ya yi sallarsa daga farko har ƙarshe. Ba kowa a bencinan, domin duk wanda aka gani a wurin za a hana shi gurasa da ruwan inabin da suke karɓa a coci, wanda a wurinsu ba ƙaramin hukunci ba ne. Mama Rahila ma ya hana ta zama, don kada hukuncin ya hau kanta. Muna jinsa ta bayan katanga. Akwai wani wuri da yake cewa da Larabci, Ubangiji ya kasance tare da ku, sai ya yi shiru daidai tsawon da jama'a za su amsa, sannan ya ci gaba. Wannan shirun ya fi muryar damuna. Na sha ganin Inna ta tsaya cak da ludayi a hannu har sai ya wuce wurin, ba ta ma san ta tsaya ba.

A cikin zafin bazara ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Mu a wurinmu, wanda ya rasu da safe kafin la'asar yana makwancinsa. Saboda haka Baba ya rufe shago, aka kafa rumfar makoki a titi, mata suka ɗora tukwane, muka zauna muna jiran a ce a ɗauka. Ba a ce ba.

Da yamma mutanen Khartoum suka zo, wani dattijo mai suna Kanon Andarawus a gabansu. Mutumin kirki ne a ganina, har ya yi hawaye. Ya ce za su binne shi da mutunci, amma a matsayin ɗan coci kawai, ba farar riga, ba gyale, kuma kansa a yamma kamar kowa. Bayan sun fita sai ga mutanen Shajara, wani matashin limami mai suna Luka yana jagorantarsu. Suka ce limami ne cikakke, za su sa masa kayansa, bishop ɗinsu da kansa zai zo, a ɗauke shi da waƙa, a sa kansa a gabas. Da daddare ban tambaya ba, sai washegari na samu Mama Rahila ta bayyana mini zancen kai ɗin. Ta ce ɗan coci ana kwantar da shi kai a yamma, don in ya tashi ranar tashin matattu ya fuskanci gabas. Limami kuma ana juya shi, don in ya tashi ya fuskanci jama'arsa, kamar yadda yake tsayawa a gabansu a coci. Ban sani ba ko duk cocinsu haka suke yi a ko'ina, amma su dai a wurin sun ɗauki abin da nauyi.

Da Larabci muke magana da ita, amma zan kawo muku da Hausa.

"Ya Haruna," ta ce da ni, "waɗancan za su tuɓe shi a cikin akwati. Waɗannan kuma za su sa shi ya yi rantsuwar da ya ƙi yi yana da baki. Wanne zan ba?"

Na ce ban sani ba, Mama.

"Limami na aura. Limami zan sa a ƙasa. Amma ba zan ba da shi ga waɗanda ya ƙi ba."

Ta ƙi a kai shi ɗakin ajiyar gawa na asibiti, domin tana tsoron duk ɓangaren da ya riga zuwa zai ɗauke shi. Sai aka bar shi a ɗakinsa a kan gadon igiya. Ni aka ɗora wa sayo ƙanƙara, manyan sanduna a naɗe cikin buhu, ina kawowa a raksha, wato babur mai ƙafa uku, safe da yamma. Muna jera su a ƙarƙashin gadon da gefensa, mu rufe tagogi da barguna. Wuta kuwa a lokacin ta fi ɗaukewa a kan kawowa. Ƙanƙarar tana narkewa, ruwan yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya ratsa tsakar gida ta tsakanin ƙafafun bencinan, ya bi ta magudanar da ke gindin katanga ya shigo gidanmu. Inna ta hana kowa tsallaka shi. Kajinmu ma ba su sha ba, ko da yake wataƙila ɗaure su aka yi, ban tuna sosai ba.

Abin da na fi tunawa shi ne tsakar rana. Kun san yadda Omdurman take in rana ta take, titi ba kowa, ko kare ba ya motsi. A wannan lokacin ne ɓangarorin biyu suke zuwa gadi, don kada ɗaya ya sace gawar. Mutanen Khartoum suna zama a inuwar katanga a bakin titi ta gabas, na Shajara ta yamma. Ba sa gaisawa, alhali wasunsu ciki ɗaya suka fito. In waɗannan suka ɗauki waƙa a hankali, sai waɗancan su jira su gama, su ɗauki ita wannan waƙar dai, da murya ɗaya da kalmomi ɗaya. In kana cikin gida sai ka ji kamar jama'a ɗaya ce take tashi daga wannan gefe ta koma wancan ba tare da ta bi ta gaban ƙofarka ba. Ranar farko da hantsi kuma, daidai lokacin da Abuna ya saba sallarsa, gidanmu ya yi tsit. Ba wanda ya ce a yi shiru. Keken ɗinkin Baba ya tsaya, Inna ta tsaya, ni ma na samu kaina ina kasa kunne. Ban ji komai ba, ina so ku san wannan. Ƙanwata Hawwa ta ce ta ji an ja benci. Mama Rahila tana cikin gidan, tana iya yiwuwa ita ce.

Da yake ni ne mai digiri a gidan, Baba ya mai da ni ɗan aike. Na je Shajara, na je Khartoum, na dawo, na sake komawa. Kowa ya karɓe ni da shayi, kowa ya yi mini bayani mai ma'ana. Kanon ya ce in suka binne shi da gyale, sun ce hukuncin bishop wasa ne, gobe kowa ya yi abin da ya ga dama. Luka ya ce in suka bari wani ya binne shi, sun yarda cocin hararmu ba tasu ba ce. Ina fitowa daga wurin wannan sai in ga shi ke da gaskiya, in na zauna gaban wancan sai in ga shi ne. Samarin cocin da suka saba haƙa kabari kuwa ba wanda ya yarda ya ɗaga diga, domin ɗaga digar ma zaɓen ɓangare ne.

Kwanaki suka ja. Ba zan yi muku bayanin abin da zafi yake yi wa jikin ɗan Adam ba. Ya isa in ce Inna ta fara turara gidanmu da luban tun asuba, kuma masu zuwa gaisuwa sun koma tsayawa daga bakin titi. Wata la'asar Baba ya dawo daga gidan, ya zauna a kan tabarma bai cire takalmi ba. Ya aika aka kira ƙanen Inna, Kawu Abakar, wanda shi ne shugaban masu haƙa kabari a hararmu tun ina yaro.

"Abakar, gobe za ku haƙa wa maƙwabcina."

Kawu ya dube shi. "Ya Hajj, a maƙabartarsu?"

"To a ina? A ɗakin Innarsu Haruna?"

"Malam liman zai yi magana."

"Malam ba shi ke kwana da warin ba. Rami na ce ku haƙa, ban ce ku yi masa salla ba. Mutumin nan shi ya riƙe ƙafar gadon da aka ɗauki gawar uwata har kabari, kana wurin."

"Ina wurin," in ji Kawu. "Har ya fi ka kuka."

"To halas, magana ta ƙare."

Mama Rahila ta yarda. Ta ce in maƙwabta ne suka haƙa, ba wanda zai ce ɓangarensa ne ya binne. Akwati dama wani kafinta Musulmi ya riga ya haɗa. Shawarar da aka yanke ita ce su Kawu su tafi bayan sallar asuba, ni kuma in haye Khartoum in yi wa Kanon roƙo na ƙarshe, ko zai yarda ya zo ya yi addu'a ya kau da kai daga gyalen, daga nan in same su a maƙabarta. Na yi tunanin in ce wa Kawu wani abu game da gabas da yamma. Na ɗauka Baba ya faɗa masa. Baba kuma, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ya ɗauka kabarin kowa a duniya iri ɗaya ake haƙa shi, juya gawar kawai ake yi.

Kanon bai yarda ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce shi da Tiya aji ɗaya suka yi. Na fito na bi ta kasuwar Suk Sha'abi na hau mota, cunkoso ya tsayar da mu a gada, ban isa maƙabartar ba sai da rana ta kusa tsaka.

Maƙabartar tana bayan gari, fili ne mai tsakuwa da katanga gajeriya. Kaburburan a jere suke layi-layi, duk sun miƙe daga yamma zuwa gabas. Mai gadin, da yake ba ya son rigima da kowa, bai ba su Kawu wuri a cikin layukan ba. Ya nuna musu can ƙuryar arewa, inda ba a fara binne kowa ba, ya koma wajen mai shayi. Tun daga nesa na hango tulin ƙasar, na gane an yi kuskure. Aikina ke nan da na karanta, ba na buƙatar na'ura. Kawu ya yi abin da hannunsa ya saba yi shekara da shekaru: ya fuskanci alƙibla, ya ja layi da ƙafa daga dama zuwa hagu, suka haƙa. Kabarin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, ɗan karkace, ya gitta wa duk sauran. A cikinsa kuma sun yanka ƙaramin ramin nan namu, siriri, wanda ake kwantar da mamaci a kan gefensa na dama.

Suna zaune a inuwar katanga, jikinsu duk ƙasa, hannun Kawu ya fashe yana jini, domin wurin dutse ne.

"Kawu," na ce, "ba haka suke yi ba."

"Ba haka suke yin me ba?"

"Dubi sauran."

Ya miƙe ya sa hannu a goshi ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"La ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Su duk a haka suke kwance? To mai digiri, ina kake tun safe?"

Wani daga cikin samarin ya yi dariya, ya kuma haɗiye ta. Na tambaya ko za a iya haƙa wani. Kawu ya nuna mini digar, bakinta ya lanƙwashe. Ya ce ko da sabuwa ce sai gobe, ƙasar nan sai an jiƙa ta ta kwana. Muna cikin haka muka hango motar da ta ɗauko akwatin ta shigo, Baba a gaba, Mama Rahila a baya ta dafa murfin. A bayansu kuma, da ɗan nisa, ga mutanen Khartoum, ga na Shajara, kowa a motarsa. Ba su zo binnewa ba. Sun zo su ga inda za a sa kan.

A nan ne shawara ta faɗo a kaina, domin ni kaɗai na san abin duka. Zan iya yin shiru a sauke shi, Mama Rahila ta gane daga baya. Zan iya cewa a mayar da shi gida a sake sayo ƙanƙara, amma na san abin da ke cikin akwatin ba zai kai gobe ba. Na tsaya ina jujjuya abin har Baba ya daka mini tsawa. Sai na je wurinta na faɗa mata gaskiya, ina in'ina. Na ce kuskure aka yi, ba da gangan ba, irin namu aka haƙa. Na ce ramin cikin za mu faɗaɗa shi yanzu akwati ya zauna daidai a kan bayansa, wannan mai sauƙi ne. Amma kabarin ba shi da gabas, ba shi da yamma.

Ta sauko ta zo bakin ramin. Ta dubi kudu, inda layukan kaburbura suke. Ta dubi arewa.

"In aka sa kansa nan," ta nuna kudu, "in ya tashi me zai gani?"

Na duba. Fili ne kawai, tsakuwa da ƙaya, har zuwa katanga.

"Babu kowa a can, Mama."

"Na sani," ta ce. "Ya saba."

Su Kawu suka koma ciki suka faɗaɗa. Ita da kanta ta buɗe akwatin, mu muka juya baya. Baba ne kaɗai ya taimaka mata, ya toshe hanci da rawaninsa, domin ya ce shi ya ɗinka gyalen, ya san yadda yake zama. Farar rigar dama tun a gida ta sa masa. Da aka rufe, muka sauke shi da igiya, kai a kudu. Daga nan mu Musulmi muka ja da baya har jikin katanga muka tsaya. Wannan shi ne abin da kakanku ya yi, ya tsaya a jikin katanga hannunsa a bayansa. Ba mu yi masa salla ba, ba mu kuma ce amin ba. Ita kaɗai ta buɗe littafinsa ta karanta.

Su kuwa ɓangarorin biyu sun matso. Mutanen Khartoum sun tsaya ta yamma, inda suke jiran ganin kan, na Shajara ta gabas. Sai ga shi kabarin ya ba kowannensu gefe, suna kallon juna ta samansa. Na ga Luka yana juya kai yana neman rana, kamar mai son ya gane ina ne ina. Ba wanda ya yi waƙa.  Iska ma babu, sai ƙarar ƙasa a kan katako da muka dawo muka fara turawa. Wata tsohuwa daga cikin mutanen Khartoum ta fito ta ɗebi ƙasa da hannu za ta zuba, wani ya riƙe mata zane, ta tsaya da ƙasar a hannu har muka gama.

Abin bai wuce haka kawai ba. Ɓangaren Khartoum suka hana Mama Rahila gurasar coci saboda ta sa wa tuɓaɓɓe gyale. Ɓangaren Shajara suka hana ta saboda ta binne limami ba da bishop ba, ta kuma ba da shi ga waɗanda ba Kirista ba. A wannan kaɗai na ga sun taɓa yin baki ɗaya. Mu ma ba mu tsira ba. Baba shi ke jan salla a zawiyarmu in liman ba ya nan, sai aka daina miƙa masa, ba wanda ya ce masa komai, wani kawai ake turawa gaba. Ya ci gaba da zuwa yana tsayawa a sahun farko har ya rasu, amma na san abin ya ci shi. Kawu Abakar ya ajiye diga daga wannan shekarar. Ya ce in ya ja layi yanzu sai ya ji yana shakka, kuma mai shakka bai kamata ya haƙa wa mutane ba. Ni kuma na daɗe ina tambayar kaina ko da na ce a jira gobe da abin ya fi. Har yau ban da amsa tabbatacciya, sai dai ina ganin, wallahu a'alamu, ba a cuci mamacin ba.

Aiki ya kai ni Gadarif, aka haife ku, na yi shekaru ban taka maƙabartar ba. Ina dai jin cewa rigimarsu ba ta ƙare ba, ana ta dakatar da wannan ana hana wancan. Mama Rahila ta tsufa a gidan nan, ba ta koma kowace coci ba. Da ta rasu ina kan hanya, ban samu binnewar ba, sai bayan kwanaki na ce bari in je in tsaya a kanta, ko ba komai ta goya ni.

Da rana tsaka na isa, mai gadin wani ne daban, yana barci. Na bi ta cikin layukan har ƙuryar arewa ina neman kabari ɗaya da ya gitta. Na same shi. Amma filin da ke gabansa ba fili ba ne kuma. Kaburbura ne, dukansu kudu da arewa, a jere layi bayan layi har kusa da katanga, an bar ɗan siririn hanya a tsakiya. Allunansu duk a arewa suke, wato kawunansu a can, ƙafafunsu wajensa. Na Mama Rahila sabo ne, a layin farko, ta hannun dama, a wurin da aka bari ba a taɓa ba.

Na koma na tashi mai gadin, na tambaye shi su wane ne waɗannan. Ya ce waɗanda aka hana gurasa ne, wasu daga wannan ɓangare, wasu daga wancan, suka mutu ba a yafe musu ba. Ya ce ba doka ba ce, ba kuma wanda ya shirya. Iyalansu ne kawai suke zuwa su ce a kai su wajen Abuna.

Na sake komawa na tsaya a bayan layin ƙarshe, jikin katanga, inda ya kamata baƙo ya tsaya. Daga nan in ka ɗaga kai, shi kake fuskanta. Ban daɗe ba. Da zan fita ban bi ta hanyar tsakiyar ba, na zagaya ta gefe, a hankali, don kada in ratsa tsakaninsa da su.